Sarkin Noman Masaƙa

"To ya hayaƙi, baiwar kakana?" in ji Inuwa, yana miƙo kwanonsa.

Fanna ba ta ɗago ba. Shekara shida ke nan tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar wata masaƙa a Sharada, kuma babu ranar da wannan Bafulatanin Jahun bai tsokane ta ba, ita kuwa Babarbariya ta rama har da gyara. Amma yau ranta a ɓace yake. Masarar da ta shuka a bayan Panshekara ta fara yin ɗorawa. Kwana uku tana bin layin takin gwamnati mai rangwame, a na ukun aka ce ya ƙare. Sai ga labari wai wani babba a masaƙar ya tattara sunayen leburori ya kai a matsayin ƙungiyar manoma, ya kwashi lodi biyu, ya sallami kowa, har da Inuwa, da takardar karɓar buhu ɗaya.

"Sannu da zuwa, Sarkin Noma," ta ce.

"Ashe labari ya iso bukkar bayi. To daga yau a durƙushe za ki riƙa gaishe ni."

"A ina gonar take ne? Ni dai tun da na san ka zare kake ƙullawa."

"Gonata? In direba ya shige ta da sassafe, sai mai ya ƙare masa bai hango iyakarta ba."

"Me ka shuka a ciki?"

"Sirrin manya ne."

"Kai da in aka miƙa maka fartanya sai ka tsuguna kana neman inda ake tatsarta. Abu ɗaya na ga kana nomawa, gemun nan, shi ma shekara shida gashi bakwai."

Leburorin da ke zaune kan benci suka tuntsire da dariya. Inuwa ya shafa haɓarsa.

"Ai shi zan zuba wa takin. Ke me za ki yi da shi? Ga huɗa nan an ja miki a kumatu tun kina jaririya, har yau ko zangarniya ɗaya ba ta fito ba."

Da ƙyar Fanna ta danne dariya. Ta cika ludayi, ta tsallake kwanonsa ta zuba wa na bayansa.

"Ni fa?"

"Ya ƙare."

"Ga tukunya cike ina kallo."

"Ni ma haka na gani a sito, buhuna har rufi, aka ce ya ƙare. Na duba takardata, babu sunanka."

"Ke ina kika iya karatu?"

"Inda ka iya noma."

Jiniyar farko ta yi kuka, hutun rana ya kusa ƙarewa. Fanna ta san tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ta kuma san da dillalin da ke zagaye yana sayen takardun nan. Inuwa ya dube ta, ya sassauta murya.

"Da gaske masarar ta lalace?"

"Saura kaɗan. Jikokina huɗu ita suke jira."

Ya cire hularsa, ya zaro takarda a ninke daga cikinta.

"Ungo. Kada a ce Bafulatani ya bar baiwarsa ta wulaƙanta."

Ta karɓa, ta juya ta, ta mayar masa a hannu.

"Sunanka ne a jiki, kai za ka karɓo. Ranar Lahadi ka ɗora shi a ka har Panshekara, kai kuma za ka bi kunya-kunya kana zubawa."

"Haba Fanna, kyautar kuma har da dako da ƙodago?"

"Gwamnati ce ta ce kai manomi ne. Ni wace ce da zan ƙaryata gwamnati?"

Inuwa ya yi dariya har ya dafa benci. "Na ji, na yarda. Zuba, ki ƙara mai."