Ranar da na daka binciken Farfesa a turmi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini haƙora da sunayen ƴaƴana, da ranar da na yi wa ilimi hidima da taɓarya.

Falmata taubashiyata ce. Tare muka yi lakwal, wato makarantar boko, a nan Diffa, ni a baya ina ba aji dariya, ita a gaba tana cinye jarrabawa. Yau Farfesa ce a ilimin gadon halitta. Tun tana budurwa aikinta bin asalin tsirrai: ta duba cikin ƙwayar iri, ta gaya maka inda kakanninsa suka taso, da wa suka yi auratayya, da yadda suka sauya har suka iya zama da zafin ƙasarmu. Ɗalibanta sun cika jami'o'i daga Yamai har Maiduguri (in ta yi atishawa a Turai, a Damagaram ake yi mata addu'a).

Da ta zo aiki gida, wurina ta sauka. Ta yi makonni tana bin ƙauyukan bakin kogin Komadugu, daga wajen Maine-Soroa har kusa da Bosso, tana karɓar tsohon irin tattasai wurin dattawa. Ta ce wasu sun kusa ɓacewa tun da mutane suka bar gonakinsu. Akwai na wani tsoho, Ba Modu, wanda ya gudo da nasa ƙulle a bakin rawani. Ni kuwa bayanin ta kunnen dama ya shiga, ta hagu ya fita, don hankalina na majalisa, inda nake shelar cewa ni ne babban mataimakinta.

Ana gobe za a yi mata walimar ban kwana, ta fita taro. Na leƙa rumfar baya, sai ga tattasai a shanye, ɗan kashi nan, ɗan kashi can, kowane bai cika tafin hannu ba. Raina ya ɓaci. A Diffa, inda ake yi wa baƙo tsaraba da buhu, a ba Farfesa guda abin da ko miyar gwauro ba zai yi ba?

"Ya Gana, kawo turmi!" na ce wa matata.

"Malam, ka tambaye ta kuwa?"

"Ana tambayar baƙo kafin a karrama shi?"

Na tattara su kaf, na ƙara nawa mudu guda don fitar da garinmu kunya. Citta, kanumfari, ƙuli-ƙuli. Ya Gana ta ƙi taɓawa, ni na daka da kaina, ina waƙa.

Washegari zaure ya cika da malaman jami'a da manyan gari. Na karɓi mikro, na ce ba don ni na riƙa ba ta satar amsa a aji ba, da yanzu tana tallar kifi. Aka yi dariya. Sannan na miƙa mata kwano, na ce ga yajin da ba a taɓa yin irinsa ba tun zamanin sarakunan Borno.

Ta sansana, ta yi murmushi. "Taubashi, tattasan ina ne?"

"Naki na rumfa mana! Na haɗa miki kansu."

Wani ɗalibinta ya dafe kai kamar an yi masa rasuwa.

"Har da na Ba Modu?" in ji Falmata.

"Wanne ne ciki?" na ce (wannan tambayar ce ta ƙarasa ni).

Ta kalli kwanon. Can ta ce, "Jama'a, ga mutumin da ya gama cikin yamma ɗaya abin da iska da ƙudan zuma suka kasa a ɗaruruwan shekaru: ya haɗe duk irin tattasanmu ya zama ɗaya." Zaure ya fashe. Ni dai na nemi ƙasa ta tsage, amma ƙasar Diffa rairayi ce, ba ta tsagewa.

Hukuncina shi ne in sake bin ƙauyukan nan ina roƙon iri. Duk inda na sauka labari ya riga ni, yara na ihu, "Ga Farfesa Turmi!" Gidan Ba Modu na bari sai a ƙarshe. Allah ya taimake ni, yana da ƴan ƙwayoyi da suka rage. Ya kwance rawani a hankali, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce, "Je ka turo matarka ta karɓa."

Tun daga nan na gane: karamci ma yana son tambaya. Kuma in Ya Gana ta ce "ka tambaya kuwa?", ajiye taɓarya nake yi.