Sandar Madugu Jatau

Wani mutum ne a kasuwar goro ta garinmu, Alhaji Ɗanlami. In dai goro ne ba a ja da shi, da ido kawai zai gaya maka inda aka tsinko shi. Matsalarsa ɗaya ce, kakansa. Ba ka isa ka zauna a rumfarsa ka tashi ba ka sha labarin Madugu Jatau ba. Ko farashi ka tambaya, sai an biya da kai ta Gwanja.

Wai Madugu Jatau shi ke jan ayarin fatake daga nan har Gwanja sayen goro. Ran Litinin jakunan ayarin ɗari uku ne a bakin Alhaji. Kafin Juma'a sun hayayyafa sun kai dubu. Wai in ayarin ya tashi, jakin gaba na shan ruwa a Kwara, na baya ko ɗaura masa kaya ba a gama ba. Wai ya taɓa shararawa zaki mari. Ran da labarin ya yi daɗi kuma, zakin ne ya dawo ba da haƙuri. Ga wata tsohuwar sanda baƙa wuluk, mai ɗan faɗi daga ƙasa, kullum tana jingine a gefensa, yana shafe ta da man kaɗanya har tana ƙyalli. Sandar madugu ce, in ji shi, ita aka gada.

Mu dai muna ji muna gyaɗa kai. Alhaji mutumin kirki ne, hannunsa a sake. In labari ya yi tsawo, goro na biyo baya.

Ana nan sai ƙungiyar 'yan goro ta ce za ta naɗa Madugun Kasuwa, wanda zai riƙa shiga gaba a duk wata hidima. Mutum biyu aka sa a gaba, Alhaji Ɗanlami da Malam Sallau, wani dattijo shiru-shiru mai rumfa a bakin ƙofa. Alhaji ya ce ai wannan ba abin zaɓe ba ne, gado ne. Tun ba a je ko'ina ba ya sayi rawani da alkyabba ya ajiye. Dattawa suka ce to, in gado ne a kawo shaida. Malam Sallau dai cewa ya yi shi duk labarin Madugu Jatau a baki ɗaya ya taɓa jin sa.

Maganar nan ta tsaya wa Alhaji a wuya. Ya koma gida yana huci, ya ƙi cin tuwo.

Yana da 'ya, Saratu, malamar tarihi a makarantar 'yan mata. Ita ta ce masa ai yanzu manyan ɗakunan karatu na jami'o'i sun zuba sunayen duk abin da suka ajiye a intanet, littattafai da hotuna da tsofaffin kaset-kaset, katalog ake ce masa. Ka rubuta sunan kakanka da garinku, in akwai abin da aka ajiye a kansa sai ya fito. Alhaji ya ce maza a rubuta. Ta rubuta Madugu Jatau, shiru. Ta cire madugun ta sa Jatau da sunan garinmu da Gwanja. Sai ga layi ɗaya ɓat ya fito: Hira da Jatau na Zango kan fataucin goro zuwa Gwanja, kaset ɗaya, wani ɗalibi ya ɗauka shekaru da dama da suka wuce.

Alhaji ya miƙe zumbur, har hularsa ta faɗi. Ya ce ta sake karantawa. Ta sake. Ya ce ta ƙara.

Saratu ta ce, "Baba, wannan fa suna ne kawai. Katalog ba ya faɗar abin da ke ciki, inda abin yake kawai yake faɗa. Bari in roƙe su su turo mana muryar, mu saurara tukuna mu biyu."

Ya ce a turo, amma ba mai saurara. Muryar Madugu ba a jin ta a ƙuryar ɗaki kamar gulma. A gaban jama'a za a fara jin ta, kuma ya sa ta yi masa alkawarin ko leƙawa ba za ta yi ba. Kun ji fa. Mutumin da tunda yake bai taɓa sayen huhun goro bai kwance shi ya duba har ƙasa ba, shi ne ya rungumi wannan a ɗaure.

Kafin muryar ta iso, gari ya ɗauka. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya ji cewa jami'a da kanta ta san Madugu, Turawa ma daga ƙasarsu suna dubawa. Da ta iso wayar Saratu, Alhaji ya yi hayar rumfuna da kujeru da lasifika irin ta masu wa'azi. Aka raba goro fari da ja. Ya zauna a gaba cikin babbar riga tana ƙamshin sabunta, sanda a kan cinya, rawani a leda a ƙarƙashin kujera. Ya sa aka ajiye wa Malam Sallau kujera daf da lasifikar, wai don kada wani abu ya wuce shi.

Saratu ta danna. Shiiii, ƙarrr. Sai ga muryar wani tsoho, garau, da tari da dariya a cikinta. Alhaji ya share ƙwalla, kuma wannan kam ta gaskiya ce, don yana ƙarami tsohon ya rasu.

Ɗalibin ya gaishe shi, ya ce, "Baba, sau nawa ka je Gwanja?"

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Ni? Gwanja? Yaro, sau ɗaya na bi ayari ina kora jaki. Muka isa bakin Kwara, na ga ruwa ba iyaka, aka ce a shiga kwalekwale. Na ce ina zuwa, zan zaga bayan gari. Ban tsaya ba sai gida. Takalmina ma can na baro su."

Wani daga baya ya yi ƙus, ya toshe baki da hula. Alhaji ya ce cikin ƙarfin hali ai Madugu akwai barkwanci, a dai ci gaba da ji.

Aka ci gaba da ji. Tsohon ya ce tun daga ranar bai ƙara fita ba, ya zauna a zango inda fatake ke sauka, yana kwashe kashin jakuna yana kai wa manoma taki. Ya ce sana'a ce mai albarka, da ita ya yi aure, da ita ya gina gida, labarin Gwanja kuwa duk a bakin fatake ya ji. Aka ji ƙwas ƙwas, ya buga wani abu a ƙasa.

"Ka ga sandar nan mai faɗin ƙasa? Da ita nake juya kashin ya bushe. Ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ido ya koma kan cinyar Alhaji. A hankali ya zame sandar ya ajiye ƙasa, ya goge hannu a babbar riga. Shugaban ƙungiya ya dubi Malam Sallau, dattawa suka dubi juna. Kowa ya san inda rawani ya nufa.

Amma Alhaji bai saduda ba. Ya miƙe ya ce Saratu ta tsayar. Ya ce wannan ba kakansa ba ne, suna ne ya zo ɗaya, Jatau nawa ne a duniya? Shi bai san wannan tsohon ba, bai taɓa jin muryarsa ba. Saratu, da kunya ta gama rufe ta, ta kai hannu tana lalube, maimakon ta kashe sai ta ƙure ƙarar.

Sai ga wata 'yar siririyar murya ta yaro ta cika kasuwa: "Kaka, gaya masa ka mari zaki! Gaya masa jakunanka dubu!"

"Wane zaki? Kai Ɗanlami na Hansai, tafi a sa maka wando." Tsohon ya yi dariya har da tari, sannan ya rage murya. "Jikana ne, malam, kada ka rubuta nasa. Wannan in Allah ya raya shi, sai ya tara mutane ya ce musu ni madugu ne."