Ƙafata a Ɗakin Hajiya

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar da na huda rufin mutane a Gaya. Har yau ana cewa leƙen maƙwabta ne ya kai ni saman soron. Ƙarya ne. Awo na hau yi, kuma da a ce an bar ni na gama, da ya fito daidai.

Yayana Sule yana digiri na biyu a fannin zanen gine-gine a Zariya, binciken da yake yi kuwa a kan gidajen ƙasa ne. Matsalarsa ɗaya: namiji baƙo iyakarsa zaure. Ni kuma na gama sakandare ina zaune, sai ya miƙo mini tef ɗin awo da littafi, ya ce in riƙa shiga cikin gida ina auno masa ɗakuna. Babanmu ya yarda da sharaɗi guda: ranar da aka kawo ƙarata, aikin ya ƙare, in koma ɗaki.

Gida na huɗu, na wani Alhaji ne mai fataucin gyaɗa. An haɗa mu da Baba Ɗanladi, tsohon maginin da ya ɗora soron tun ba a haife ni ba. Da na jingina tsani, ya ce in tsaya ya yi shela tukuna, don al'ada ce kafin a hau sama a sanar da matan maƙwabta su yi sutura. Na ce masa ni ma ai mace ce. Ya kalle ni, ya ƙara da cewa an yi ruwa shekaranjiya, in bi gefe, ta kan bango, kada in taka tsakiya.

Na gaya masa azara ba ta karyewa da nauyin mutum ɗaya, mun yi lissafin irin wannan a aji biyar (ba mu yi ba, na dai ji Yaya yana faɗin wani abu mai kama da haka).

Bin gefe zagaye ne, ni kuwa ba ni da haƙuri. Na ja tef na ratsa tsakiya. Taku na uku ƙasa ta buɗe, ƙafata ta dama ta nutse har cinya. Gaskiyata ce, azara ba ta karye ba. Tsakanin azara biyu na zurma.

A ƙasa ɗakin Hajiya ne, matar Alhajin, cike da mata 'yan barkar haihuwa. Na ji salati, na ji guje-guje. Can na ji an kama mini idon sawu, muryar Hajiya ta taso a natse:

"Wannan ƙafar ta gidan wa ce?"

Wata ta ce takalmin na 'yan boko ne. Aka fashe da dariya. Da yake ba a yi shela ba, matan maƙwabta duk suna tsakar gidajensu, sun ɗaga kai suna kallona, rabin mutum a kan rufi, tef a hannu (ban sake shi ba, a rubuta mini wannan). Baba Ɗanladi ya hau, ta kan bango, a hankali kamar mai zuwa masallaci, ya ciro ni. Ya kakkaɓe hannunsa, ya juya ya sauka. Da ma zagina ya yi.

Kafin la'asar ƙara ta isa gida. Babanmu ya karɓe tef ɗin ya jefa a aljihu. Yaya Sule kuwa dariya ta hana shi kare ni, wai na gano masa tazarar azara ba tare da awo ba.

Na dai koyi cewa wanda ya ɗora rufi ya fi wanda ya ji labarinsa a bakin yayansa sanin inda ake takawa. Amma ban koma ɗaki ba. Babanmu tef ya hana, bai ambaci aikin ƙasa ba. Washegari na ɗaura zane a ƙugu, na tafi wajen Baba Ɗanladi, na ce ramin nawa ne, ni zan toshe shi, ya nuna mini. Ya ce to, fara da shela. Na buɗe murya na yi ta, har sai da Hajiya ta amsa daga ɗaki ta ce sun kauce.