Ranar da Na Yi Tafiyar Dodo a Gaban Sufeto

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ban da ranar da sufeto ya zo duba koyarwata a wata firamare ta Kurmin Sarki. Lokacin ina ɗalibar koyon malanta, sunan garinmu ma bai daɗe da komawa Suleja daga Abuja ba. Abin da mutumin nan zai rubuta shi zai sa in zama malama ko in maimaita shekara. Ko koko ban iya sha ba da safen.

Darasin kuwa na halittun da suka ƙare a duniya ne, kuma misalin da ke littafin wani tsuntsu ne wai shi dodo. (Wanda ya raɗa masa sunan nan bai san Bahaushe ba.)

Sufeto ya zauna a baya, fuska ba annuri. Na ce, "Yara, yau za mu yi maganar dodo."

Wata 'yar mitsitsiya ta fashe da kuka. Na yi maza na ce, "Kwantar da hankalinki, ya ƙare tuntuni." Ta ce, "Malama, Inna ta ce yana cikin rijiyarmu."

Na ce tsuntsu ne fa, kamar zakaran ƙeƙuwa, mai dogayen ƙafafun nan da suke gani a bakin rafi. Shi zakaran ƙeƙuwa da ka matso zai yi kururuwa ya tashi, shi ya sa har yau yana nan. Dodo kuwa ƙato ne, ba ya tashi, ba ya gudun mutum.

Da na tsaya nan da na tsira. Sai na ce bari in gwada musu. Na yi sauri-sauri irin na zakaran ƙeƙuwa, yara suka yi dariya, na ji daɗi. Sannan na tsuguna, na buɗe gwiwar hannu, na shiga tafiyar dodo tsakanin bencuna. Sai na taka bakin zanina. Ban tsaya ko'ina ba sai gaban takalmin sufeto, rub da ciki, ɗankwali a gefe.

Ya leƙo ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, yanzu na gane abin da ya ƙarar da shi."

Na dai ci jarrabawar, da ƙyar. Amma tun daga ranar, duk dabbar da zan koyar, a allo nake zana ta, ƙafafuna biyu a ƙasa.