Tankin Ruwan da Na Mayar Alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, kuma laifin Mansur ne. Ɗana ne, ni na haife shi, amma laifinsa ne. Ya nuna min alƙibla a cikin jirgin ruwa, bai ƙara da cewa jirgi juyawa yake yi ba. Yana cewa wai kowa ya san wannan. To ni ban sani ba.

Mansur ya auri Sumayya, yarinya ce 'yar unguwar Shisha a nan Makka, amma iyayenta Jawa ne (mu a Makka duk wanda ya fito daga Indunusiya haka muke ce masa). Bayan biki danginta na can suka ce lallai sai an kawo musu ango da uwar ango. Kawunta ya ɗauko hayar jirgin katako irin mai tafiya da iska, aka ce za mu yi kwanaki muna zaga tsibirai. Yarana mata suka fara: "Ummi ba za ta iya ba, Ummi za ta yi amai." Ni da na shiga makarantar manya da furfura a kaina, na zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana har na iya karanta saƙon waya da kaina, ni teku za ta gagara? Na ce su haɗa min akwati.

Abin da na gani a can kuwa, wallahi har yau idan na rufe ido ina ganinsa. Na san teku a Jidda, daga kan tabarma, da shayi a hannu. Wannan daban ce. Ruwan kore ne shar a baki, sai ya koma shuɗi, kuma kana hango yashin ƙasa da kifaye masu launin atamfa suna wucewa. Duwatsun da na tashi a cikinsu baƙaƙe ne, tsirara. Nasu ciyawa da itatuwa sun lulluɓe su har bakin ruwa. Wani tsibirin bai fi filin ajiye motocin Kudai na garinmu ba, babu kowa a kai sai kwakwa da tsuntsaye. Idan matuƙan suka ja igiya, manyan zannuwan jirgin suka cika da iska, sai a kashe inji, ka ji tsit, ba hon, ba ihun direban tasi. Na ga kunkuru girman faranti ya leƙo ya kalle ni. Na yi tasbihi har bakina ya bushe.

Mutanen kuma sun ɗauke ni kamar ƙwai. Gwaggon Sumayya, wata tsohuwa 'yar siririya da ake kira Ibu Siti, ta sumbaci hannuna ranar farko, ta ce da ɗan Larabcin da ta koyo a aikin hajji, "Maƙwabciyar Ɗakin Allah." Kan kifi ni ake ba, inuwa ni ake bar wa. Ba zan ɓoye ba, abin ya shige ni. Ina son su koma gida suna cewa Sumayya ta shiga gidan mutunci, kuma na ɗauka mutuncin nan ni ce riƙe da shi.

Da asuba Mansur ya duba wayarsa ya ce, "Ummi, ki fuskanci tankin can." Wani shuɗin tankin ruwa ne a tsakiyar jirgi, gindin sandar zanen. Na yi sallata, na ajiye maganar a raina. Ku gane ni: a ɗakina na unguwar Hindawiyya alƙibla bangon mukayyif ne, mai sanyaya ɗaki, tun ranar da na tare. A gidan ƙanwata bangon taga ne. A titi sai ka ɗaga kai ka ga hasumiyar agogon da ke jikin Harami. Ban taɓa neman alƙibla ba a rayuwata, ana nuna maka sau ɗaya a gida, shi ke nan har abada.

Muka wuni muna tafiya, muka tsaya a bayan wani tsibiri, aka jefa ƙarfen da ke riƙe jirgi. Aka ce a haɗa azahar da la'asar. Maza suka tafi gaban jirgi, mu mata muka tsaya a baya. Ibu Siti ta kalli sama, ta fara shimfiɗa dardumarta wajen bayan jirgi, inda rana ta karkata.

Na ce, "La, la, ya Hajja. Nan ne." Na nuna tanki.

Sumayya, da ke kirana Hala, wato inna, ta matso ta ce a hankali, "Hala, ina ga a tambayi Mansur."

"A tambayi wa? Ni na koya masa alwala. Yalla, ku juya."

Suka juya. Duk matan nan, tsofaffi da 'yan mata, suka ja dardumominsu suka jera a bayana ba musu. Rana tana gasa min ƙeya, ban kawo komai a raina ba, don a garinmu ba ruwan rana da wannan magana.

Ina ɗagowa daga ruku'u sai na yi ido huɗu da Mansur. Yana can cikin sahun maza, fuskarsa tana kallona, da shi da liman, kawun Sumayya, da kowa. Mu muna kallonsu, su suna kallonmu, tanki a tsakiya. (Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni haushi na ji, wai maza sun ɓata sallarsu a gaban idona.)

Ina sallamewa na miƙe, ko addu'a ban shafa ba, na taka har gaban jirgi.

"Ya Shaikh," na ce wa kawun, da muryar da nake ciniki a kasuwa, "aibu ne wannan! Babba da kai ka juya wa Ka'aba baya, ka ja yara? Kai kuma Mansur kana tsaye kamar ba a Makka aka yanke maka cibiya ba!"

"Ummi, don Allah."

"Ba kai ka ce min tanki ba?"

"Da asuba ke nan, Ummi. Jirgin ya juya."

"Tankin ya tashi daga wurinsa ne?"

"Bai tashi ba. Tare da ke ya juya."

Na waiwaya. Tsibirin da na bari a hannun dama ina alwala ya dawo kusan gabana, iska tana ta karkata mu a hankali, ina tsaye ina gani. Na tuna malamarmu ta makarantar manya da ƙwallon duniyarta tana juya shi da yatsa, har ni na amsa tambaya ranar aka tafa min. Kawun ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Wani matuƙi ya faɗa ɗakin girki da sauri, kafaɗunsa suna rawa.

Da sun yi min dariya da na ji sauƙi. Ina komawa na tarar matan sun juya dardumomi sun sake tayar da salla, sun bar min wuri a gefe. Bayan mun idar na ce wa Sumayya ta tambayi gwaggonta, tunda ta sani me ya sa ta bi ni. Ibu Siti ta dafa hannuna ta yi magana, Sumayya ta fassara tana kallon ƙasa: "Ta ce ta ɗauka ko a Makka kun san wani abu da bai iso nan ba tukuna."

Ranar ko kifi ban iya haɗiya ba, ga shi an gasa shi da kwakwa da barkono, ƙamshi har cikin ɗaki. Na gane dai zama kusa da Ɗakin Allah bai koya min nemansa ba. Waɗanda ke nesa su suka iya, don kullum sai sun nema.

Washegari da asuba na ɗauki dardumata na je na ƙwanƙwasa ƙofar Ibu Siti. Ta fito ta kalli sama, ta shimfiɗa tata. Na shimfiɗa tawa a bayanta.