Yadda Za Ka Zama Tafinta a Bagudo da Kalma Ɗaya

Kai da ba ka wuce aji uku ba, kwantar da hankalinka. Ni Ɗanmusa na yi maka alkawari: bi matakan nan, kafin kasuwa ta zagayo za a riƙa kiranka tafinta daga Zagga har Tsamiya.

Mataki na ɗaya: Kama fikof

Turawa suna rubuta shi pick up. Mutane ne masu rowar baki, sai suka ɗora wa kalma ɗaya aikin jaki bakwai. Tsintar abu a ƙasa fikof ne. Amsa waya fikof ne. Haka ɗauko baƙo a tasha, da kamun ɗan sanda, da murmurewar maras lafiya, da koyon yare a bakin hanya. Ita kanta a-kori-kura sunanta ke nan. Haddace su. Sauran Turancin duk ado ne.

Mataki na biyu: Nemo wanda ba ya jin Hausa

Ni nawa wani injiniya ne ɗan kudu da ya zo haƙa rijiyar burtsatse a Sharabi, shekara huɗu da kafa shari'a. Ya yi ta zuba, na ce "Fikof, sa." Nan take ya ɗauke ni aiki. Wata biyu muna tare lafiya. Duk abin da ya faɗa, sai in ce wa leburori su ɗaga wani abu, kuma a wurin haƙa kullum akwai abin ɗagawa.

Mataki na uku: Kada ka yi tambaya

Tafinta mai tambaya ya tona wa kansa asiri. Ranar wata Laraba Injiniya ya nuna hanyar tasha ya ce in yi fikof ɗin Madam, matarsa, ta iso. Ya miƙo mini makullin mota. Na ce a raina wannan kyauta ce, na sa a aljihu, na tafi a ƙafa.

Mataki na huɗu: Zaɓi ma'ana, ka tsaya a kanta

Na tarar da Madam zaune a kan akwatinta a ƙasa. Abin da ke ƙasa kuwa tsintarsa ake yi. Na yi bisimilla, na sungume ta na saɓa a kafaɗa. Ta yi ta ihu tana dukana da jaka. Kada ihu ya dame ka, mutanen birni haka suke gaisuwa. Mun wuce masu kifi, mun kusa masu sayar da fetur ɗin Benin a kwalba, sai Malam Bunyaminu na hisba ya tare ni.

"Ɗanmusa, mi nika gani haka? Matar wa ta?"

"Ta Injiniya ta, Malam. Aiki nikai."

"Aje ta!"

Na aje. Shi kuma ya yi fikof ɗina.

Mataki na biyar: A gaban alƙali, rage ilimi

Nan ne na yi kuskure, kai kada ka yi. Da aka nemi mai fassara maganar Injiniya, babu kowa sai ni. Alƙali ya ce in faɗi ma'anar kalmar. Na ga jama'a sun cika, kaina ya kumbura, na jero bakwai ɗin nan, na ƙara biyu da na ƙirƙira a tsaye.

Alƙali ya cire tabarau. "Wato tara ka sani?"

"Tara cif, Allah gafarta Malam."

"Ka bar takwas na halal, ka ɗauki matar mutane?"

Ya yanke bulala ɗaya a kan kowace ma'ana da na tsallake. Na ce biyun ƙarshe ƙarya ce na yi. Ya ce to, biyu na ƙarya, goma ke nan. Injiniya ya roƙa mini sassauci da hawaye, amma da aka ce in fassara, ban gane ko kalma ɗaya ba.

Sanarwa

Duk abin da ya same ka a tasha, ko a kotu, ko a hannun matar wani, ba ruwan Ɗanmusa. Kada ka zo gidana da ƙorafi. Idan kuma ka zo, taho da tabarmarka, ka yi haƙuri ba zan taya ka zama ba. Wannan ma a tsaye na rubuta shi.