Ranar da Na Kashe Malam Audu a Katabu

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi birge mutanen Katabu da jawabi, na ƙare da sa su neman diga da shebur ba. In kuma za a bi ta gaskiya, ba mutanen Katabu ne a gabana ba. Kamilu ne.

Ina aiki a sashen wayar da kan jama'a na wani ofishin lafiya a Doka. Aikinmu mu shiga unguwanni mu yi wa mutane bayani: a yi rigakafi, a rage gishiri, a riƙa auna jini. Na daɗe ni ne mai riƙe makirfo a sashen, ba don na iya ba, sai don ba wani. Ana nan aka kawo mana Kamilu, wani matashi ɗan Unguwar Rimi, da digirinsa sabo fil da hularsa a karkace.

Allah ya ba shi baki, wannan ko maƙiyinsa ya sani (ni ne maƙiyin, shi ya sa na sani). In Kamilu ya fara magana, tsofaffi har tauna goro suke dainawa. Ni kuwa ina karɓar makirfo kowa zai tuna yana da uzuri: wannan zai je alwala, wancan an kira shi a waya, mata su tuna sun bar wake a wuta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yaron ba shi da laifin da zan kama. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, "Oga, an tashi lafiya?" ya karɓi jakata. Da marar kunya ne da na samu abin faɗa. Haka nake amsa gaisuwarsa ina murmushin yaƙe.

Sai Hajiya, daraktar sashenmu, ta tara mu ta ce an ba mu fili a gidan rediyo don shiri a kan hawan jini, kuma murya ɗaya ake so. Ta ce akwai taro a Katabu ranar Asabar, ni da Kamilu kowa zai yi jawabi, wanda ya fi riƙe jama'a shi za a ba shirin. Rediyo fa! Na hango kaina ana cewa ga wane mai shirin nan. Na kuma hango Kamilu a kujerar, sai na ji abinci ya fita raina.

Na shiga waya neman makami. Na ci karo da bidiyon wani Bature mai koyar da yadda ake buɗe jawabi. Ya ce kada ka fara da gaisuwa, ɓata lokaci ne. Kada ka faɗi sunanka. Ka tsaya shiru ka kalli mutane har su tsargu, sannan ka jefa musu labari mai girgiza zuciya, ka faɗe shi kamar yanzu ya faru. Ban tsaya tambayar kaina ko Baturen nan ya taɓa zuwa Katabu ba.

Na gwada a gaban matata a falo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Abban Husna, ba sallama? Ba za ka gai da Liman ba?"

Na ce, "Ke dai ba ki san zamani ba."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da take yi in na ce zan gyara famfo da kaina.

Ranar Asabar da hantsi aka kafa rumfa a ƙofar gidan mai unguwa. Maza a gaba kan tabarmi da benci, mata a gefe, Liman da mai unguwa da Hajiya a kan kujeru. Kamilu ya fara. Ya yi sallama, ya bi manya ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, ya roƙi iyaye mata su yafe masa don zai taɓa musu tukunya. Ya kwaikwayi yadda maigida yake ɗanɗana miya ya ce a miƙo gishiri tun bai haɗiye ba. Wurin ya kece da dariya, har Liman sai da ya rufe baki da rawani. Ni ma na tafa, amma da yatsu biyu.

Aka miƙo mini makirfo. Na fito tsakiya, na tsaya ƙiƙam. Ba sallama, ba komai. Na bi fuskoki da kallo kamar yadda aka koya mini, har na ji wani a baya yana cewa, "Ko na'urar ce ta lalace?" Daga nan na sunkuyar da kai, na sassauta murya, na ce:

"Yau da safe, a garin nan, wani bawan Allah ya tashi lafiya lau. Ya yi sallar asuba cikin jam'i, ya sha kokonsa, ya fita nema. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa."

Wurin ya ɗauki salati gaba ɗaya. Wallahi daɗi na ji. Na saci kallon Kamilu, a raina ina cewa, kai ka sa su dariya, ni ga shi na taɓa zukata.

Sai Liman ya ɗaga hannu. "Malam, wane ne ya rasu?"

A nan ne mai hankali zai ce misali ne. Amma Baturen ya ce kada ka saki jama'a in ka kama su, kuma labari ya fi shiga rai in mai shi yana da suna. Sai na laluɓo sunan da ya fi kusa da bakina, na ce, "Malam Audu."

(Ban san yawan Audu a Katabu ba sai ranar.)

"Audu direba?"

"A'a, yanzu na gan shi. Ko Audu na bayan masallaci?"

"Kai, kada dai Audu mai kayan miya!"

Maza suka fara miƙewa suna laluben takalma. A wurinmu ba a zama sauraron jawabi alhali gawar maƙwabci tana jiran sutura, wannan ko yaro ya sani, ni ne dai na ajiye sanina a gida. Liman ya juya yana cewa a sanar da masu haƙa kabari su ɗauko kayan aiki. Kafin in buɗe baki, sai ihu ya tashi daga ɓangaren mata. Matar Audu mai kayan miya ce. Mijinta ya yi asuba a masallaci, ya sha koko, ya tafi kasuwar Kawo, ga shi ana kiran wayarsa ba ta shiga. Duk abin da na ƙaga ya hau kansa daidai. Ta zube ƙasa, mata suka rufa a kanta.

Na ɗaga murya na ce, "Jama'a ku tsaya, ai maganar hawan jini ce..."

Wani dattijo ya ce, "Allahu akbar, hawan jini ne? Ai dama yana yawan kukan ciwon kai!"

Sai na ji hannu a kafaɗata. Kamilu ne. A hankali ya ce, "Oga, kawo." Na miƙa masa makirfon. Ya rangaɗa sallama da ƙarfi, ya sake, har mutane suka tsaya suka amsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ranka ya daɗe mai unguwa, iyayena mata, ba wanda ya rasu. Misali ne Oga ya kawo. A yi mana afuwa, laifinmu ne." (Laifinmu, in ji shi. Har laifin nawa sai da ya raba da ni.) Aka samu wani maƙwabcin Audu a kasuwa ta waya, ya miƙa wa Audun, Kamilu ya kara wayar a makirfo, sai ga muryar Audu ta cika rumfar: "Wai ni ne na mutu? Ina nan ina cinikin tattasai!"

Masu kuka suka koma dariya da hawaye a fuska. Kamilu bai bar damar ta wuce ba, ya ce tun da zuciyar kowa ta buga, a zo a auna jini a ga inda aka kwana. Layin da aka yi ranar, tun da nake aikin nan ban ga irinsa ba. Ni kuwa ina raɓe a jikin mota, Liman ya zo wucewa ya tsaya. Ya ce, "Malam, ko daga ina mutum ya fito, ai yana sallama. Kuma ba a wasa da mutuwa." Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam," ina kallon takalmina.

A hanyar komawa, muna shigowa Kawo, sai Hajiya ta ce mini, ba tare da ta waiwayo ba, "Ka ja hankali kam." Kamilu ya yi caraf ya ce, "Hajiya, ai dabarar Oga ce ta tara mana layin nan." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba sai na faɗa muku wanda aka ba shirin rediyo ba. Duk mako nake kunnawa in saurara, wai ina neman inda zai yi tuntuɓe, in ƙare da gyaɗa kai. Shi kuwa Malam Audu mai kayan miya, matarsa ta tisa shi gaba ya je aka auna shi, aka tarar jinin ya hau sosai, aka ɗora shi a kan magani. Don godiya ya aiko da kwandon tattasai da tumatir har ofis, da sunan Kamilu. Kamilu ya raba biyu ya sa mini rabi a but ɗin mota. Na so in ƙi karɓa, amma tumatir yana tsada a lokacin, kuma miyar ta yi daɗi.

Yanzu ko taron mutum uku zan yi wa magana, sai na yi sallama na gai da kowa, kuma in zan kashe wani a jawabi, tun kafin ya sha koko nake cewa misali ne. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Na daɗe da sanin karin maganar, abin da ban sani ba shi ne ni zan ɗauki takin a kaina in kai wa Kamilu har gona.